SHARHI A KAN HANYAR AUNA HAƊARIN GADOJIN DA BA A SAN HARSASHINSU BA, TARE DA MISALI DAGA KADUNA TA AREWA

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu yi nazari, mu kuma yi suka inda suka ta kama, a kan wata hanya da injiniyoyin Amurka suka tsara domin auna haɗarin gadojin da ba a san irin harsashin da suke zaune a kai ba, da kuma jera su bisa ga wadda ta fi cancanta a fara kai wa ɗauki. Mun zaɓi mu gwada wannan hanya a kan ɓangaren birnin Kaduna da ke arewa da kogi, watau daga Kawo da Malali da Unguwar Rimi zuwa Tudun Wada da Rigasa, saboda wuri ne da yawancin mahalarta wannan taro suka sani, kuma wuri ne da rayuwarsa ta yau da kullum ta rataya a kan ƙetare ruwa. Ra'ayinmu, tun daga farko, shi ne tunanin da ke bayan hanyar mai kyau ne ƙwarai, amma idan aka ɗauko ta ɗungurungum aka ɗora a kan Kaduna, to za ta jera mana gadojinmu a bai-bai.

Yadda ruwa ke cin gada

Kafin mu shiga suka, ya kamata mu fahimci abin da ake tsoro. Mai wucewa a kan gada shimfiɗarta yake gani, da dogarai, da ginshiƙai idan ya leƙa. Amma abin da ke riƙe da ita yana binne, kuma iri-iri ne. Akwai faffaɗan harsashi na kankare wanda ake zubawa a kan ƙasa mai tauri ba tare da an yi nisa ba. Akwai turaku na ƙarfe ko na kankare, a dā ma har da na itace, waɗanda ake bugawa su nutse can ƙasa. Akwai kuma wanda ake ginawa kamar rijiya, ana yashe cikinsa yana sauka har ya cim ma dutse, sa'an nan a cike shi.

Sa'ad da kogi ya kawo, ruwan da ya bugi goshin ginshiƙi yakan karkata ya yi ƙasa, ya yi ta juyawa a gindinsa yana kwashe rairayi. Wannan shi muke kira raraka a cikin wannan takarda. Littafin da Hukumar Manyan Hanyoyi ta Amurka ta fara bugawa a 1991, wanda aka sani da HEC-18, ya raba ta gida uku: akwai saukar da gadon kogi duka yake yi a hankali cikin shekaru, akwai zurfin da ruwa ke ƙarawa inda gada ta matse masa hanya, akwai kuma ramin da yake haƙawa a gindin kowane ginshiƙi. Wannan na ƙarshe, a cikin rairayi, yana iya kai ninki biyu zuwa uku na faɗin ginshiƙin. Idan kuwa itatuwa da ciyayi da shara suka maƙale a jikinsa, to ruwa sai ya ɗauke su a matsayin ƙarin faɗi, ramin ya ƙara zurfi. Abin da ya fi muni shi ne, da ruwa ya fara janyewa sai rairayi ya koma ya cike ramin. Mai duba gada da ya zo da rani sai ya tarar da gadon kogi sumul, ya rubuta lafiya lau, alhali kuwa a watan Agusta ginshiƙin a kan iska ya kusa tsayawa.

Lissafin ke nan a taƙaice: a ƙiyasta zurfin ramin da ambaliya za ta haƙa, a gwada shi da zurfin harsashi. Idan ba a san zurfin harsashi ba, rabin lissafin ya tafi.

Asalin hanyar da muke sharhi a kai

Ran 5 ga Afrilu 1987 gadar Schoharie da ke kan babbar hanyar jihar New York ta rufta, mutum 10 suka rasu. Bincike ya nuna faffaɗan harsashi gare ta, kuma jibgin duwatsun da aka yi don kare gindin ginshiƙanta ruwa ya ɗebe shi, ba a mayar ba. Wani abin lura a nan shi ne gadar ta tsira daga ambaliyar 1955, wadda ta fi ta 1987 girma. Saboda haka maganar da muka saba ji, wai gada kaza ta ga ruwan da ya fi wannan ba ta faɗi ba, ba hujja ba ce; kowace ambaliya tana barin nata ɓarnar ga mai biye mata. Bayan shekara biyu, ran 1 ga Afrilu 1989, gadar kogin Hatchie a jihar Tennessee ta faɗi da mutum 8. A can kuma kogin ne ya yi ta matsawa gefe har ya iso ga ginshiƙan da tun farko a kan tudu aka kafa su, ba a yi su domin zama cikin ruwa ba.

Waɗannan haɗurra su suka sa aka umurci jihohin Amurka su auna kowace gada da ke kan ruwa. Da aka shiga aikin sai aka tarar da dubun-dubatar gadoji waɗanda zanen gininsu ya ɓace, har sai da aka ware musu alama ta musamman a cikin kundin gadoji na ƙasa. Tona gindin kowace ɗaya ba zai yiwu ba saboda tsada. Daga nan aka fito da dabarar lissafi mai suna HYRISK, sa'an nan a 2006 aka buga jagora na musamman a kan irin waɗannan gadoji. Ga yadda abin yake. Ana ƙiyasta yiwuwar faɗuwar gada a cikin shekara guda, ta la'akari da yawan hawan da ruwa ke yi mata da halin da gaɓar kogi da ginshiƙai suke ciki. Sa'an nan a ƙiyasta hasarar da za a yi idan ta faɗi: kuɗin sāke gini, da kuɗin mai da lalacewar motoci a kan hanyar zagaye, da lokacin da matafiya za su ɓata, da rayukan da za a rasa, su ma an yi musu kuɗi. Sai a ninka yiwuwar da hasarar. Abin da ya fito shi ne nauyin haɗarin gadar, da shi ake jera ta a cikin 'yan'uwanta, kuma da shi ake gwada ko ya fi araha a binciki harsashin, ko a jibga duwatsu, ko a sa na'urar sa ido, ko a ƙyale ta.

Dole mu yaba wa wannan tsari a kan abu biyu. Ya hana hukuma fakewa da rashin sani ta naɗe hannu, ya kuma tilasta mata ta faɗi dalilin da ya sa ta fifita wannan gada a kan waccan, da alƙaluman da kowa zai iya bi ya ƙalubalanta. A ƙasar da ake raba ayyuka bisa ga wanda ya fi kusa da mai mulki, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kaduna da gadojinta

Kaduna gari ne da gada ta haifa. Kogin ya taso daga tsaunukan Jos, ya yi tafiyar kimanin kilomita 550 kafin ya faɗa Kwara, kuma a inda hanyar jirgin ƙasa ta Baro zuwa Kano ta ƙetare shi, wadda aka fara a 1907 ta isa Kano a 1911, a nan Gwamna Lugga ya zaɓi ya kafa sabuwar hedkwata. Aka ƙaura daga Zungeru a 1917. A 1927 hanyar jirgi ta gabas daga Fatakwal ta zo ta haɗu da ta Ikko a kudancin kogin. Tun daga lokacin gari ya rabu biyu: ofisoshin mulki da barikokin soja da babbar kasuwa a arewa, tashar mahaɗar jirage a kudu, daga baya kuma masaƙun Kakuri tun daga 1957, da kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975, da matatar mai a 1980. Manyan mashigai a kan kogin ba su da yawa: gadar mota da ta jirgi kusa da filin wasa na Ahmadu Bello, da ta hanyar yamma ta wajen Nasarawa, da wadda ta tashi daga Unguwar Rimi ta nufi Ɗanbushiya.

Amma mai son ya san yawan ƙetare ruwan da mutanen arewacin Kaduna suke yi, sai ya saurari sunayen unguwanninsu. Hayin Banki, Hayin Rigasa, Hayin Ɗanmani, Hayin Malam Bello, Rafin Guza, Kurmin Mashi. Bahaushe ba ya ce wa wuri hayi sai akwai rafi ko kwari tsakaninsa da gari. Kowane hayi kuwa yana da 'yar gadarsa ko kwalbatinsa, waɗansu ƙaramar hukuma ta yi, waɗansu ɗan majalisa, waɗansu jama'ar unguwa da karo-karo da aikin gayya. Waɗannan su ne za mu riƙa komawa gare su.

Suka ta farko: kundin da lissafin ya dogara a kai

Hanyar HYRISK ba a kan sarari aka gina ta ba. Tun bayan faɗuwar gadar Silver a kan kogin Ohio a 1967, wadda ta ci mutum 46, Amurka ta kafa ƙa'idar duba gadoji a 1971, aka riƙa duba kowace gada ta hanyar jama'a duk shekara biyu ana shigar da sakamakon a kundi guda. Alƙaluman da lissafin ke bukata, irin su yawan motocin da ke wucewa a rana da tsawon hanyar zagaye da makin da aka ba gaɓar kogi, duka suna nan a ajiye, harsashi kaɗai ne babu. Watau dai ƙofa guda ce ta rashin sani a cikin gida mai haske.

A Kaduna gadoji ba su ƙarƙashin hukuma ɗaya. Na manyan hanyoyin tarayya suna hannun Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya da hukumar gyaran hanyoyi ta FERMA da aka kafa a 2002. Ta jirgi tana hannun Hukumar Jiragen Ƙasa, wadda ta samu matsayinta na yanzu a 1955. Na jiha suna hannun ma'aikatar jiha da hukumar KADRA, sauran kuwa na ƙananan hukumomi ne, ko kuma ba na kowa ba. Jeri ba ya yiwuwa sai abubuwan da za a jera suna cikin takarda ɗaya, an auna su da mudu ɗaya. Har ila yau, kundin Amurka ba ya ƙirga abin da tsawonsa bai wuce ƙafa 20 ba, watau kimanin mita 6. Idan muka aro wannan iyaka tare da sauran kayan, to da yawa daga mashigan hayi-hayin nan sun fita daga lissafi tun kafin a fara shi.

Haka kuma alƙaluman yiwuwar faɗuwa da ke cikin jadawalin hanyar, daga tarihin gadojin Amurka aka tsamo su, gadojin da aka gina bisa ƙa'idojin can, ake kuma duba su bisa tsarin can. Kwalbatin da magini ya zuba da ido a bakin Rafin Mashi ba ɗan wannan dangi ba ne, kuma ba daidai ba ne a ba shi makinsu.

Suka ta biyu: abin da ninkawa take ɓoyewa

A nan ne muke ganin babban aibin yake, don haka za mu ɗan daɗe. Bari mu ƙaddara misali da alƙaluman da muka ƙaga domin bayani kawai. A ce ga babbar gada wadda yiwuwar faɗuwarta a shekara ɗaya ce cikin 1,000, hasararta kuma naira biliyan 10. Nauyin haɗarinta ya zama naira miliyan 10 a shekara. A ce kuma ga 'yar gadar hayi wadda yiwuwar faɗuwarta ɗaya ce cikin 20, hasararta naira miliyan 100. Nata nauyin naira miliyan 5 ne. Bisa ga lissafi babbar ce a gaba, har ninki biyu. Amma ƙaramar ta fi ta kusa da faɗuwa sau 50. Idan aka bar su haka shekara 20, yiwuwar babbar ta faɗi ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari ba, ta ƙaramar kuwa ta kai kashi 64. Wanda ya dubi jerin kaɗai ba zai taɓa ganin wannan ba, gama ninkawa ta narkar da abu biyu mabambanta ta mai da su lamba guda.

Masu tsarin sun hango wannan matsala, shi ya sa suka ƙara sharaɗi cewa akwai iyakar yiwuwar faɗuwa da ba za a yarda gada ta wuce ba, ko nawa ne kuɗinta. Sai dai iyakar ta danganta ga darajar hanya: babbar hanya an tsananta mata, ƙaramar hanyar unguwa an sassauta. A wurinsu wannan yana da ma'ana, domin ƙaramar hanya mutane kaɗan take ɗauka. A wurinmu ba haka abin yake ba. Rigasa tana cikin unguwanni mafiya cunkoso a jihar baki ɗaya, kuma mashigan da ke haɗa irin waɗannan unguwanni da gari, ko da sun kasance ƙanana a takarda, jama'a ce tinjim a kansu daga asuba har dare.

To, su wa lissafin yake ƙirgawa? Motoci yake ƙirgawa. Ma'auninsa shi ne yawan motoci a rana, da kason manyan motoci a cikinsu, da kuɗin kowane kilomita na zagaye. Ɗan makarantar da ke tafe da ƙafa, da mai tura baro, da mai tallar nono, da mai babur ɗauke da mutum uku, da jama'ar da ta ɗauko gawa za ta kai makabarta, babu gurbinsu a cikin jadawalin. Zagayen kilomita 5 ga mai mota ɗan ƙarin mai ne. Ga mace mai naƙuda da dare, ko ga yaron firamare, zagayen nan daidai yake da babu hanya, kuma abin da yakan biyo baya shi ne mutane su shiga ruwa da ƙafa ko su cika kwalekwale. Mutuwar da ake yi a makonnin da suka biyo bayan karyewar gada ba ta cikin lissafin, alhali a ƙasarmu tana iya fin ta ranar karyewar yawa. Wanda ya bi labarin gadar Namnai a kan hanyar Jalingo zuwa Wukari, wadda ruwa ya karya a Agustan 2024 aka koma ƙetarewa da jiragen ruwa, ya san abin da muke nufi.

Kada a fahimce mu da cewa manyan gadojin kogin ba su da muhimmanci. Hasali ma akwai wata hasara tasu da ita ma lissafin bai san da ita ba. Tun bayan rikicin shekarar 2000 da na 2002 mazauna Kaduna suka rarrabu, kogin ya zama kamar iyaka tsakanin jama'a biyu, kuma 'yan gadojin nan su ne suka rage inda ma'aikaci da ɗan kasuwa da ɗalibi suke ƙetarawa kullum su yi hulɗa da juna. Wannan ba ya shiga ma'aunin naira. Abin da muke cewa shi ne a yi jeri biyu, kada a gwama. Manyan gadoji, da yake ba su da yawa, a binciki harsashin kowace ɗaya kai tsaye ba tare da jiran wani lissafi ba, kuma jagoran 2006 ɗin ma haka ya ce a yi wa gadoji masu babban matsayi. Ƙananan kuwa a jera su bisa ga kusancinsu da faɗuwa da yawan mutanen da ke bi, mutane muka ce, ba motoci ba.

Suka ta uku: kogin ba ya tsaye wuri ɗaya

Lissafin yana ɗaukar hoton gada da koginta a rana guda, ya mai da shi yiwuwar shekara-shekara, kamar dai gobe za ta yi kama da jiya. Kogin Kaduna ya yi ambaliya mai tsanani a Agustan 2003, ya sāke a 2012 da 2015, kuma unguwannin da sukan sha wuya sanannu ne: Kigo Road, da Kabala, da gefen Unguwar Rimi, da Bashama Road a Tudun Wada. Duk gidan da aka gina a cikin fadama, da duk cikon da aka yi domin a sami fili, matse wa ruwa hanya ne, kuma ruwan da aka matse gudu yake ƙarawa. A cikin gari kuma rufin kwano da kwalta da daɓen siminti sun maye gurbin gonaki, saboda haka ruwan saman da a dā ƙasa take shanyewa yanzu yakan taru cikin ɗan lokaci ya afka wa rafi. Kwalbatin da ya ishi Rafin Mashi sa'ad da Max Lock ya fitar da tsarin birnin a 1967 ba lalle ne ya ishe shi yau ba, balle ga leda da shara sun toshe rabin bakinsa.

Sa'an nan ga ɗibar yashi. Ran 4 ga Maris 2001 tsohuwar gadar Hintze Ribeiro a kan kogin Douro na ƙasar Fotugal ta rufta da motar safa da ƙananan motoci uku, mutum 59 suka hallaka, ministan ayyuka ya yi murabus. Cikin dalilan da aka gano har da shekarun da aka yi ana haƙar yashi a kogin, abin da ya sa gadonsa ya yi ta sauka. Kowa ya san tifofin da ke fitowa daga bakin kogin Kaduna, kuma ba mu ce a hana mutane neman abinci ba, gari mai girma kullum yana bukatar yashi. Amma ramin da aka haƙa a ƙasa da gada yakan yi ta cin gaɓarsa yana hawowa sama, wanda aka haƙa a sama da ita kuma yakan tare rairayin da zai zo ya cike gindinta. Izinin haƙar ma'adinai yana ƙarƙashin dokar tarayya ta 2007, kula da gada kuma yana wata ma'aikata dabam. Makin da aka ba gada bana ba shi da amfani baɗi idan an buɗe sabon maɗiba kusa da ita.

Akwai masu cewa kogin Kaduna a kan dutse yake gudu, ga duwatsu nan kowa yana gani da rani, don haka babu abin tsoro. Gaskiya ne birnin a kan tsohon dutse mai tauri yake zaune, kuma ginshiƙin da aka dasa cikin lafiyayyen dutse ya fi ƙarfin raraka. Sai dai irin wannan dutse ba bai ɗaya yake ruɓewa ba. Masu haƙar rijiyar burtsatse a garin sun san a wannan gida a cim ma dutse nan kusa, a maƙwabcinsa kuwa a yi ta tafiya cikin ruɓaɓɓe. Ganin fā a gefen ginshiƙi bai nuna a kansa ginshiƙin yake ba.

Suka ta huɗu: rashin sani iri-iri ne

Hanyar ta zuba duk gadojin da ba a san harsashinsu ba a kwando ɗaya. Mu kuwa muna ganin akwai bambanci tsakanin gadar da aka yi wa zane ya ɓace, da wadda ba a taɓa yi wa zane ba. Ta farko maganinta yana iya kasancewa a cikin kabad. A duba yawan hannuwan da takardun ayyuka suka bi a wannan gari: daga Ma'aikatar Ayyuka ta zamanin Turawa zuwa Gwamnatin Jihar Arewa, daga nan aka raba jihohi a 1967 aka kafa hukumar riƙon kadarorin haɗin gwiwa, Jihar Arewa ta Tsakiya ta zama Jihar Kaduna a 1976, aka cire Katsina a 1987. Kowace ƙaura tana tafiya da fayil. Amma Kaduna ta yi sa'ar da garuruwa kaɗan suka yi, domin Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa yana cikinta, ga kuma Gidan Arewa. 'Yar gadar ƙafa ta Lugga da ke lambun Gamji, an san a Zungeru aka yi ta a 1904, an san an mai da ita abin tarihi na ƙasa a 1956, saboda masana tarihi sun kula da ita. Gadojin da ke ɗauke da dubban mutane sun fi ta cancantar wannan kulawa.

Misalin da ya fi dacewa a nan shi ne na gadar jirgin ƙasa ta Malahide a ƙasar Ailan, wadda wani sashenta ya rufta ran 21 ga Agusta 2009 jim kaɗan bayan wucewar jirgin fasinja, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Ginshiƙanta a kan wani dogon jibgin duwatsu suke zaune, ba a kafe suke cikin dutsen ƙasa ba. Tsofaffin injiniyoyi sun san haka, suna kuma ƙara duwatsu a kai a kai, amma da suka bar aiki sai sanin ya tafi tare da su. 'Yan kwanaki kafin faɗuwar, wani shugaban 'yan sikawut da ke yawan shiga ruwan ya kai rahoton cewa ruwa yana ɗibar duwatsu. Aka aiko mai dubawa, ya dubi abin da ke saman ruwa, bai ga abin tashin hankali ba, domin bai san inda ƙarfin gadar yake ba.

Gadojin hayi kuwa, waɗanda ba su da zane, shaidarsu tana raye. Maginin da ya haƙa ramin, da leburan da suka zuba kankare, da mai unguwar da ya tara kuɗin, da yawansu suna nan, kuma za su iya faɗin ko ramin ya kai gaba ɗaya ko biyu, ko an sa rodi, ko an tarar da marmara ko laka. Masunta da masu ɗibar yashi sun san zurfin gindin kowane ginshiƙi fiye da kowa, domin da gora suke auna shi kullum. Jadawalin Amurka ba shi da layin da za a rubuta maganar irin waɗannan mutane, mu kuwa mun daɗe da sanin yadda ake tattara bayanin baka a tace shi, a gwada bakin wannan da na wancan. Ɗalibanmu na kwalejojin horon malamai da ke fita koyon aikin koyarwa a makarantun unguwannin nan, tare da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da na Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando, suna iya ƙirga kowane mashigi, su auna shi, su ƙirga masu bi, su rubuta inda ruwan 2003 da na 2015 ya tsaya a jikin bango, duk a cikin zangon karatu guda.

Bayan an yi wannan tankaɗe ne ya kamata a kawo na'ura, ga 'yan gadojin da suka rage cikin shakka. Hanyar da aka fi amincewa da ita ita ce a huda rami a gefen ginshiƙi ya zarce zurfin da ake zato, a zura na'urar jin motsi a ciki, a riƙa bugun ginshiƙin da guduma ana saukar da ita mataki mataki; inda amon ya fara jinkirin isowa, nan harsashin ya ƙare. Injin huda ramin irin na masu burtsatse ne, waɗanda ba su da wuyar samu a Kaduna.

Wa zai rufe gada?

Abu na ƙarshe da hanyar ta ɗauka tamkar an gama da shi shi ne ikon rufewa. A Amurka gadar da aka tabbatar tana cikin haɗarin raraka ana rubuta mata tsarin aiki: idan ruwa ya kai wuri kaza, wane ne zai je ya duba, wane ne zai tare hanya, ta ina za a karkatar da matafiya. Ba tare da wannan ba jeri takarda ce kawai. A Yunin 2017 ruwa ya karya gadar Tatabu a kan hanyar Mokwa zuwa Jebba, manyan motocin da ke tsakanin Ikko da Arewa suka yi cirko-cirko, kuma a ƙarshen Mayun 2025 ambaliyar Mokwa ta ci fiye da mutum 150 ta sāke yanke hanya a yankin. Hukumar kula da al'amuran ruwa ta ƙasa tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, amma hasashen ƙananan hukumomi yake ambata, ba ya cewa gada kaza a rufe ta idan ruwa ya kai alama kaza.

Shawararmu ita ce kowane mashigi da ya fito a saman jerin ƙananan gadoji a shafa masa jan fenti a jikin ginshiƙi ko bangon bakinsa, a daidai tsayin da injiniya ya ƙayyade, inda mai wucewa zai gani daga gaɓa. A rubuta sunan muƙamin wanda ke da ikon sa shinge idan ruwa ya taɓa alamar, ko mai unguwa ne ko jami'in ƙaramar hukuma, da wanda zai zo ya tsoma gora a gindin ginshiƙai kafin a buɗe, a lokacin da ruwan yake janyewa, tun rairayi bai koma ya rufe ramin ba. Injiniyoyin da ke cikin wannan zaure za su ce ƙayyade tsayin alamar ba tare da sanin zurfin harsashi ba ƙiyasi ne, kuma gaskiyarsu. A fara da alama ta ƙasa-ƙasa, a riƙa ɗaga ta gwargwadon abin da bincike ya tabbatar.